Garkuwar Haƙori

Sau biyu kaɗai Allah yake yi wa ɗan Adam haƙora a duk tsawon rayuwarsa. Na fari su ne haƙoran yarinta, guda 20, waɗanda sukan soma tsirowa tun yaro yana goye, yana da wajen wata 6. In ya kai shekara 6 ko 7 sai ya fara famfara, watau haƙoran nan su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, waɗansu manya suna maye gurbinsu. Kafin ya wuce shekara 13 galibi ya sami 28 daga cikin haƙoran girma. Sauran 4 na can ƙuryar baki su ne sukan makara, sai wajen shekara 17 ko bayanta suke fitowa, su cika 32. Daga waɗannan kuwa babu sauran canji. Wanda ya fita ya fita ke nan, sai giɓi.

A daidai lokacin da haƙoran girma suka gama jeruwa, a lokacin ne kuma ƙarfin yaro yake kawowa, ya shiga wasanni masu gudu da ture-ture, kamar su ƙwallon ƙafa, da ƙwallon kwando, da hoki, da dambe. A filin wasa gwiwar hannun wani takan sami bakin wani, kai yakan yi karo da kai, ƙwallo ko sanda takan zo daga inda ba a zata ba. Saboda haka aka ƙago wata 'yar roba wadda ɗan wasa zai sanya a baki ta tsare masa haƙoransa, ita ce garkuwar haƙori. Amma ga abin mamaki: ko a ƙasashen da ake sayar da ita da araha a kantunan kayan wasa, waɗansu samari da 'yan mata suna sanyawa, waɗansu kuwa sun ƙi. Mene ne dalili? Kafin a gane amsar, sai an san yadda haƙori yake tukuna.

Yadda haƙori yake

Abin da ake gani na haƙori idan mutum ya yi dariya sashinsa na sama ne kawai. Sauran yana ɓoye cikin dasashi, ya kafe a ƙashin muƙamuƙi kamar yadda saiwar itace take kafe a ƙasa. Waɗansu 'yan zaruruwa masu laushi ƙwarai su ne suke ɗaure saiwar da ƙashin. Farin ɓawon da ya rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum duka, ya fi ƙashi tauri. A can tsakiyarsa kuwa akwai ɗan rami mai jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi.

To, ga inda haƙori ya bambanta da sauran jiki. In fata ta yanke, takan haɗe. In ƙashi ya karye aka ɗora, yakan warke, har mai shi ya koma gudu. Amma farin ɓawon haƙori in ya ɓantale ba ya sake tofowa, ko da mutum zai yi shekara 100. Haƙoran da suka fi gamuwa da wannan masifa a wurin wasa su ne na gaba na sama, domin su ne a bakin ƙofa, su duka yake fara tararwa. Su ne kuma mutum yake gatsa abinci da su, da su yake daidaita waɗansu haruffa in yana magana, su ake fara gani in ya yi murmushi.

Aikin garkuwa

Garkuwar haƙori roba ce mai ɗan laushi, an tanƙwara ta kamar kofaton doki, kaurinta wajen milimita 3 ko 4. Ana kifa ta a kan haƙoran sama, ta rufe su har zuwa dasashi. Aikinta irin na gammo ne. Kowa ya san yarinyar da ta ɗauki tulu ba gammo, nauyin yakan taru a wuri ɗaya ya ƙwanƙwashe mata kai. In ta sa gammo kuwa, sai nauyin ya bazu. Haka nan in naushi ya sami bakin da ba garkuwa, ƙarfinsa duka yakan sauka a kan haƙori ɗaya ko biyu. In akwai garkuwa sai robar ta shanye wani sashi, sauran kuma ta rarraba wa haƙora da yawa, kowanne ya ɗauki ɗan kaɗan.

Har wa yau tana shiga tsakanin leɓe da haƙora, don kada haƙori ya tsaga leɓen. In kuma an bugi mutum a haɓa, tana hana haƙoran ƙasa su yi karo da na sama su farfasa juna, ko su datse harshe.

Iri 3 ake yi. Akwai wadda ake saye a sanya yadda take. Ita ce mafi araha, amma ba ta zama daidai, sai mutum ya cije ta sa'an nan ta tsaya. Akwai wadda ake tsomawa cikin ruwan zafi ta yi laushi, in ta ɗan huce a kifa ta a baki a cije, a danna da yatsu, ta ɗauki siffar haƙoran mai ita. Wannan aiki sai da babba a kusa, saboda ruwan zafin. Ta uku ita ce wadda likitan haƙori yake aunawa ya yi wa mutum tasa shi kaɗai, kamar yadda tela yake auna riga. Ta fi sauran tsada, ta kuma fi su daɗin sanyawa.

Asalinta

Daga wurin 'yan damben Turawa abin ya samo asali. Wajen shekarar 1890 wani likitan haƙori a birnin Landan, mai suna Woolf Krause, ya ga yadda leɓunan 'yan dambe suke tsattsagewa, sai ya riƙa yi musu abin tsare baki da ƙaron wani itace da ake kawowa daga wajen Maleshiya. Ɗansa Philip, wanda shi ma likitan haƙori ne, kuma yana taɓa dambe, ya ƙara gyara ta. Wani zakaran dambe na Ingila, Ted Lewis, yana cikin waɗanda suka fara shiga fage da ita. Da zai kara da Jack Britton na Amurka a 1921, sai mutanen Britton suka ta da gardama, suka ce wannan abu ba ya cikin ƙa'ida. Kun ga ashe tun farko akwai masu so da masu ƙi.

A 1927 aka yi wani dambe a birnin Niyu Yok tsakanin Mike McTigue da Jack Sharkey. McTigue ne a kan gaba, nasara ta kusa zama tasa. Sai haƙori ya yanke shi a baki, jini ya ƙi tsayawa, alƙali ya tsai da wasa, aka ba Sharkey. Daga nan 'yan dambe suka farga, garkuwa ta fara zama ruwan dare a cikinsu. Kafin zamanin da Hogan Bassey na Nijeriya ya zama zakaran duniya a 1957, da Dick Tiger a 1962, ta riga ta shiga cikin kayan aikin ɗan dambe sosai, kamar safar hannu. Yau ba a barin ɗan damben zamani ya shiga fage ba tare da ita ba.

Abin da ke sa samari su ƙi

In aka tambayi samarin da ba sa sanya garkuwa, amsoshinsu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Na fari shi ne rashin daɗi. Wani ya ce tana cika masa baki, wani ya ce tana sa shi yunƙurin amai, wani kuma ya ce miyau yana taruwa masa. Na biyu, sukan ce tana hana su numfashi sosai in suna gudu. Na uku, tana hana magana, ga shi kuwa ɗan ƙwallo yana bukatar ya kira abokinsa ya ce, "Turo nan!" Waɗannan koke-koke ba ƙarya ba ne. Amma in an duba za a tarar yawancinsu daga garkuwar da ba ta dace da bakin mai ita ba suke fitowa. Takalmin da ya matse ƙafa yakan sa mutum ya ɗingisa, amma ba wanda zai ce don haka a daina sa takalmi, sai dai a nemo wanda ya yi daidai. Garkuwar da ta zauna daram tana manne da haƙoran sama ko an buɗe baki, mai ita yana numfashi, yana kuma magana a ji.

Akwai kuma batun kuɗi. Ba kowane uba ne yake iya biyan likita ya yi wa ɗansa tasa ba, balle ma bakin yaro yana girma, wadda ta yi masa bana mai yiwuwa ne baɗi ta yi kaɗan. Akwai mantuwa: yaro ya ɗauki takalmi da riga, ya bar garkuwa a gida. Akwai rashin sani, domin yara da yawa masu buga ƙwallo a unguwa ko labarinta ba su taɓa ji ba.

Amma akwai dalili biyu da suka fi waɗannan duka ƙarfi, ko da yake samari ba su cika faɗinsu da baki ba. Ɗaya ita ce kunyar abokai. Saurayi ba ya son ya fita daban a cikin tsararrakinsa. In 'yan wasa 11 suka fito, shi kaɗai ne da roba a baki, yana tsoron a yi masa dariya, a ce matsoraci ne. Sai ya cusa ta cikin safa, ko ya bar ta a jaka.

Ɗayan kuwa shi ne, wahalar garkuwa ta yau ce, ana jin ta nan take, amma amfaninta ba a ganinsa da ido. Yaro yana iya yin wasa sau 100 ba abin da ya sami bakinsa. Kowane wasa da ya gama lafiya sai ya ƙara cewa a ransa, "Ai ni ba abin da zai same ni." Bai sani ba haɗari ba ya sallama. Ran da ya zo, ƙiftawar ido ɗaya ta isa, sa'an nan a shiga cewa da na sani, alhali kuwa da na sani ƙeya ce, a baya take.

Abin da ke sa su sanya

Masu sanyawa su ma suna da nasu dalilai. Waɗansu sun taɓa jin jiki ne, haƙori ya ɓantale ko leɓe ya tsage, ba su son a maimaita. Waɗansu kuwa a kan idonsu abin ya sami aboki, suka ga jini, suka ga giɓi, suka tuna da maganar manya cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗansu iyayensu ne suka tsaya a kai. Waɗanda aka sa wa waya a haƙora don a daidaita su, likita yakan gargaɗe su ƙwarai, domin in duka ya sami bakin, wayar takan yayyanka leɓe daga ciki.

Koyi da manyan 'yan wasa shi ma yana da tasiri. A Amurka akwai wani shahararren ɗan ƙwallon kwando, Stephen Curry, wanda aka san shi da garkuwar haƙori, ko da yake dokar wasansu ba ta tilasta masa ba. Sai dai yana da wata al'ada, in wasa ya ɗan tsaya yakan zaro ta gefen baki yana taunawa. Yaron da ya kwaikwayi sanyawar ya yi dabara. Wanda ya kwaikwayi taunawar kuwa ya ɓata garkuwarsa, gama wadda aka tattauna ba ta sake zama daidai.

Amma abin da ya fi kome sa samari su sanya garkuwa shi ne doka, da malamin wasa mai tsayawa a kan doka. A Amurka tun 1962 aka wajabta ta ga 'yan makarantun sakandare masu buga irin ƙwallon ƙasarsu mai ture-ture, a 1973 kuma aka wajabta wa 'yan jami'a. A ƙasar Ailan aka wajabta ta ga yara masu buga ƙwallonsu na gargajiya a 2013, manya kuma a 2014. A ƙwallon ƙafa kuwa dokokin wasa ba su tilasta ba, don haka da wuya a ga mai sanyawa, ko da yake a nan ma ana fasa baki.

Abin da ya faru a Niyu Zilan

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai a gabas da Ostireliya. Wasan da mutanenta suka fi so shi ne zari-ruga, inda ɗan wasa yake rungumar ƙwallo ya ruga, abokan hamayya su bi shi su kayar. A wasa irin wannan karo ba ya ƙarewa. A 1997 shugabannin wasan suka kafa doka cewa duk ɗan wasan da bai wuce shekara 19 ba tilas ya sanya garkuwar haƙori a gasa. A 1998 suka haɗa har da manya. Aka ba alƙalin wasa iko ya hana wanda ba shi da ita yin wasa.

Bayan 'yan shekaru masana suka bi sawu don su ga abin da dokar ta haifar. A 1993, kafin doka, masu sanyawa kashi 67 ne cikin 100 na 'yan wasan da aka tambaya. A 2003 sun kai kashi 93. A ƙasar kuma akwai hukumar da ke biyan kuɗin jinyar waɗanda suka ji rauni, tana rubuta kowane rauni da aka kawo mata. Da aka duba littattafanta sai aka tarar, daga 1995 zuwa 2003, masu neman kuɗin gyaran haƙori saboda wannan wasa sun ragu da kashi 43 cikin 100.

Ku lura da kyau. Robar ba ta canja ba, bakunan samarin ma ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne, da kowa ya sanya, sai kunya ta kau. Ba sauran wanda za a yi wa dariya, wanda ya zo ba garkuwa shi ne ya zama bare, ya zauna a gefen fili yana kallo. Yaran da suka tashi da ita tun suna ƙanana kuwa, ta zame musu jiki kamar takalmi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kula da garkuwa

Wanda ya sami garkuwa sai ya riƙe ta da tsabta. Bayan kowane wasa ya wanke ta da ruwan sanyi da sabulu, ya bari ta bushe, ya ajiye ta cikin ɗan akwatinta mai huji-huji. Kada ya bar ta a rana, domin zafi yana tanƙware ta. Kada ya ara wa kowa, kamar yadda ba a aron asawaki. In ta yage ko ta yi masa kaɗan, sai a sake wata. Ya kuma sanya ta wurin koyon wasa, ba ran gasa kaɗai ba, gama gwiwar hannu ba ta san ranar gasa ba.

In haƙori ya fita

In tsautsayi ya faɗa, haƙorin girma ya fita ɗungum, ba a fid da rai ba tukuna, amma sai an yi hanzari. A nemo haƙorin, a riƙe shi ta wajen farin kansa, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara, kada a kankare, kada a goge da tsumma, domin 'yan zaruruwan nan na jikin saiwa su ne za su sake kama ƙashi. In mai yiwuwa ne a mai da shi raminsa nan da nan, yaro ya ciji tsumma mai tsabta ya riƙe shi. In ba ta yiwu ba, a jefa shi cikin madara, kada a bari ya bushe. Sa'an nan a garzaya wurin likitan haƙori, tun awa ɗaya ba ta cika ba. Amma haƙorin yarinta in ya fita ba a mai da shi, don kada ya ɓata na girma da ke tahowa a ƙarƙashinsa.

Ko an yi duk wannan, wani haƙorin yakan kama, wani ba ya kamawa. Haƙorin roba ko na ƙarfe da likita zai sa yana da tsada, kuma bai kai na Allah ba. Shi ya sa aka ce rigakafi ya fi magani.

Wasa abu ne mai kyau, yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yaro haƙuri da zama da jama'a. Ba a ce kowa ya daina don tsoron rauni ba. Amma ku tuna, mayaƙan dā da suka fita da garkuwa da sulke ba wanda ya kira su matsorata. Saurayi ɗan shekara 14 zai gama wasan yau kafin magariba, haƙoran da ya shiga fili da su kuwa, da su zai ci tuwo har tsufansa.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa ne na yarinta, nawa ne kuma na girma?
2. Ta wace hanya haƙori ya bambanta da fata da ƙashi?
3. Don me aka kwatanta garkuwar haƙori da gammo?
4. Kawo dalili 4 da ke sa samari su ƙi sanya garkuwa.
5. Me ya faru a Niyu Zilan bayan dokar 1997 da ta 1998?
6. In haƙorin abokinka ya fita a filin wasa, me za ka yi?